Mahaifina ya fara mantuwa, ko hawan jini ne sanadi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina mai shekara 68 ya daɗe da hawan jini, kuma yakan ajiye magani da zarar ya ji sauƙi. Tun bara ya fara maimaita magana, har yana manta raka'ar da yake a salla. 'Yan'uwa sun ce gigin tsufa ne kawai. Shin akwai alaƙa, kuma akwai magani?
Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Alaƙa kam akwai ta. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke rabawa, saboda haka ba ta jure ƙarancin jini. Hawan jinin da aka bari ya yi shekaru yana kaurara ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita, hanyarsu ta ƙuntata, wasu ma su toshe ba tare da an ga shanyewar ɓarin jiki ba. Bincike ya nuna cewa raguwar gudun jinin nan takan riga mantuwar bayyana da shekaru, hatta a cutar Alzaima, wato cutar mantuwa da ta fi yawa a tsofaffi, wadda aka daɗe ana ɗora laifinta kan wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa.

Kalmar "gigin tsufa" kuwa ta sa gidaje da yawa sun zauna sun zuba ido.

Har yanzu babu maganin da ke raya ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya riga ya mutu. Magungunan mantuwa irin su donepezil da memantine suna sassauta alamomi ne na wani lokaci, shi kuma lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, na masu farkon Alzaima ne kaɗai, ga tsada, ga hatsarin kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. A ganina, maganin da ya fi ƙarfin hujja shi ne wanda Baba yake ajiyewa: wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 ya gano cewa tsananta kula da hawan jini yana rage yiwuwar fara raunin tunani.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, a auna jininsa da suga, a duba ƙarancin bitamin B12 da aikin tayirod (halittar wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo), domin su ma suna kawo mantuwa kuma suna warkewa. A rage masa gishiri da dunƙulen miya, ya riƙa takawa zuwa masallaci, sannan mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin miƙa masa magani kullum bayan sallar asuba.