Amsa: Shin buɗin Tartakower ne ya kayar da Spassky a 1972?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya kamata ka daina kare kanka da salon Tartakower, wani tsarin buɗe wasan ces, idan kana riƙe da baƙaƙe, tunda da shi Boris Spassky ya sha kaye a hannun Bobby Fischer a wasa na shida na gasar ces ta duniya a Reykjavik a 1972. Amsata ita ce kada ka daina, domin laifin ba na buɗin ba ne. Fischer ya fara da tura soja zuwa gidan c4, abin da ba a saba gani daga gare shi ba, kuma matsalar Spassky ta soma ne a motsi na 14, lokacin da bishof ɗin Fischer ya sauka a b5, Spassky kuma ya tura soja zuwa a6. A shekarar da ta biyo baya gwanin ces Efim Geller ya kai sarauniya b7 a daidai wannan matsayi na wasan maimakon tura soja zuwa a6, ya doke Jan Timman.

Sharaɗin da zan gindaya maka shi ne ka koyi zama da sojoji biyun nan na c5 da d5, waɗanda ba su da maƙwabcin da zai tsare su. Na taɓa faɗuwa a wata gasa saboda na haddace motsi goma sha biyu tsaf, amma da abokin karawata ya buga e4, kamar yadda Fischer ya yi a motsi na 20, sai na tura sojan d gaba cikin gaggawa, na bar wa bishof ɗinsa gidan c4, kuma har aka tashi ban sake samun sukuni ba.