Muryar Anti a guruf kan littafin da za a saya wa Nana

Salamu alaikum jama'ar guruf. Maman Nana na ji muryarki tun safe, ina cikin kasuwar Kejetia ne hayaniya ta hana ni amsawa. Kin ce wai da gaske mace ɗaya ce ta rubuta duk littattafan Enid Blyton ɗin nan da ake shimfiɗawa a bakin titi? E ita kaɗai ce. Baturiyar Ingila ce, da malamar makaranta ce, an haife ta 1897 ta rasu 1968, littattafanta sun kai wajen 700, jerin labaranta na Famous Five kaɗai guda 21 ne. Tafireta take ɗorawa a cinya ta yi ta bugawa, har aka yi ta raɗe-raɗi wai rubuta mata ake yi, ta ce ƙarya ne.

Amma ni na san abin da ke ranki ƙanwata, so kike a gaya miki abin da za ki saya wa yarinyar nan tunda ta fara son karatu. To ki nemo mata Meshack Asare. Namu ne, ɗan Ghana, an haife shi 1945 a Nyankumasi, kuma nan Kumasi ya yi karatun zane, shi ke rubutawa shi ke zana hotunan da hannunsa. The Brassman's Secret, na maƙeran tagulla na Asante da ma'aunin zinariya, shi ya ci masa kyautar Noma Award ta littattafan Afirka a 1982. A 2015 kuma aka ba shi wata babba a Amurka, NSK Neustadt, shi ne ɗan Afirka na farko.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai Sosu's Call ne. Yaro ne gurgu a ƙauyen masunta, tsakanin teku da tafki, mutane na ganinsa kamar abin kunya, sai ranar da ruwa ya taso manya duk sun fita, ya ja jiki da hannu, karensa na biye, har ya kai wurin ganguna ya yi ta kaɗawa aka dawo aka ceci tsofaffi da yara. UNESCO ta ba shi kyauta 1997, a'a tsaya, 1997 ya fito, kyautar 1999 ce.

Ina da shi fa, na karanta wa 'yan ajina a Aboabo, akwai wata yarinya mai ɗingishi da ba ta magana a aji, ranar ta ɗora yatsa kan hoton ta ƙi ɗagawa. Sai wata maƙwabciya ta ara wai ɗanta zai duba kwana biyu. Bayan wata uku na sayi ƙosai da kunu da safe, wallahi shafin gangunan ne aka naɗe min ƙosan a ciki, duk mai ya jiƙa shi. Har yau abin na min ciwo, ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Blyton ɗin ma ki saya mata ɗaya, ba laifi, zai buɗe mata Turanci, sai dai wasu tsofaffin littattafanta ba su yi wa baƙar fata adalci ba, ki fara dubawa. In kin rasa Sosu a shagunan Adum ki sa yayanki na Nima ya duba a Ankara, wato Accra, can masu buga shi Sub-Saharan Publishers suke, ya ba direba ya kawo.