An ce a sa wa 'yata ƙarfen faɗaɗa muƙamuƙi, in yarda?

Tambaya: Likita, 'yata shekararta tara. Haƙoranta na sama sun cunkushe, in ta haɗa baki kuma sai haɓarta ta karkace gefe guda. Likitan haƙori ya ce muƙamuƙinta na sama ya yi tsuku, za a sa mata wani ƙarfe a ganɗa, in riƙa murɗa shi da makulli. Kakarta ta ce a bari, in ta girma zai gyaru. Ni dai tsorona kada a tsaga mata ƙashi. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana ita. Bari in fara da maganar tsaga ƙashi, tunda ita ta fi damun ki. Muƙamuƙin sama na yaro ɓari biyu ne, dama da hagu, sun haɗu a tsakiyar ganɗa ta wata gaɓa mai laushi da ba ta gama zama ƙashi ba. Ƙarfen yana kama turame ta ɓangarorin biyu, da ɗan sukuru a tsakiyarsa. Duk murɗawa ɗaya yana buɗa gaɓar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, jiki kuma ya bi baya yana cike gurbin da sabon ƙashi. Wani likita a Amurka, Emerson Angell, shi ya fara bayyana dabarar a 1860, Andrew Haas ya farfaɗo da ita a 1961, har yau kuma da ita ake aiki.

Kaka tana da gaskiya a wasu abubuwan. 'Yar cunkoson da ake gani lokacin famfara takan daidaita da kanta, kuma ba na goyon bayan a sa wa yaro ƙarfe don kawai haƙori ɗaya ya karkace. Amma abin da kika faɗa na haɓa ya ja hankalina. A ƙa'ida turamen sama suna rufe na ƙasa ta waje. In sama ya yi tsuku sai su faɗa ciki, yarinya ta riƙa kautar da haɓa don ta samu ta tauna, fuska kuma ta ci gaba da girma a kan wannan karkatar. Wannan da wuya ya gyaru don kansa. Lokaci kuma ba ya jira: gaɓar tana fara ƙarfi bayan balaga, 'yan mata ma sukan riga maza. Abin da ƙarfe zai yi cikin sauƙi a shekara 9, a shekara 20 sai an kafa 'yan kusoshi a ƙashin ganɗa ko a shiga tiyata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Murɗawar takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, sau ɗaya ko biyu a rana, yadda likitanta ya tsara. Ki kwantar da ita inda akwai haske, ta buɗe baki sosai, ki zura makullin a ramin da ke jikin sukurun, ki tura shi baya har sai ramin gaba ya bayyana sarai, sannan ki zare ba tare da kin dawo da shi ba. In makullin ƙarami ne marar mariƙi, ki ɗaura masa zare ki naɗa a yatsa, don kada ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro. In kin manta rana ɗaya, kada ki ninka washegari. Za ta ji matsi a hanci da kumatu na 'yan mintuna, miyau zai yi yawa, magana za ta ɗan sauya a kwanakin farko.

Sai ki ga wushirya ta buɗe a haƙoran gaba. Kada ki firgita, alama ce ta cewa gaɓar ta buɗe. Kada kuma 'yan gida su yi murnar an samu ado, domin galibi tana rufewa da kanta cikin makonni. Bayan an daina murɗawa, ƙarfen zai zauna wata uku zuwa shida kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari, in an yi gaggawar cire shi aikin zai koma baya.

Tsabta ita ce wahalar gaske. Tuwo da burodi suna maƙalewa tsakanin ƙarfen da ganɗa, burushi ba ya kaiwa, don haka a kuskure baki bayan kowane cin abinci, a fesa ruwa da sirinji marar allura. A ajiye cingam, alawa, rake, goruba da busasshiyar aya tukuna. In ƙarfen ya saki, ko dasashi ya kumbura, ko ciwo ya hana ta barci, a daina murɗawa a koma asibiti.

Ki kuma lura ko tana tsotsar yatsa, ko tana minshari da barci baki buɗe. Suna cikin abubuwan da kan jawo tsukewar tun farko, in tsokar bayan hanci ce ta kumbura sai likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya duba ta. Ki tabbatar mai sa ƙarfen ƙwararren likitan daidaita haƙora ne, wanda ya ɗauki hoton haƙoran ya kuma auna bakin. In kina da shakka, ki nemi ra'ayi na biyu a sashen haƙori na asibitin koyarwa, amma kada ki bar shekarar nan ta wuce ba a yanke shawara ba.