Tambayi Mai Gyara: Talabijin ɗin da Baba ya bari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai gyara. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana talabijin mai kala, Sony, inci 20, wanda ya dawo da shi daga Legas a 1983. Tun da muka sayi na bango aka kai shi ɗakin ajiya, yau ya fi shekara 12 ba a kunna shi ba. Hajiyarmu ta ce a ba 'yan gwangwan, ni kuma raina bai so. In jona shi da wuta in ga ko yana yi? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, kada ka jona shi. Idan ka riga ka warware wayar, maida ta ka naɗe.

Da na ga 1983 a wasiƙarka sai da na ajiye biro na yi shiru. A watan Janairun shekarar ne gwamnatin Najeriya ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida. Ina yaron shago a lokacin, na ga mutanen Zango suna sauka daga manyan motoci, wani da katifa, wani da keken ɗinki, wani ya rungume talabijin a cinya tun daga Aflao, garin da ke kan iyakar Ghana da Togo. Wanda ya zaɓi ya ɗauko akwati mai nauyin nan a cikin wancan turmutsitsin, ba ƙaramin so yake yi masa ba. Ga wani abin kuma: gidan talabijin na Ghana da aka buɗe a 1965 bai fara watsa hoto mai kala ba sai a 1985. Ke nan mahaifinka ya yi wajen shekara biyu yana kallon baƙi da fari a akwatin kala. Na tabbata ranar da kalar ta zo, tsakar gidanku bai ɗauki jama'a ba. Ka tambayi Hajiya inda aka kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1992, wanda Kwaddibuwa ta cinye mu da bugun fenariti 11 da 10 a Dakar, Abedi Pele yana zaune a waje saboda kati. Zan yi mamaki in ba a gaban wannan akwatin ba ne.

To, me ya sa na hana ka kunnawa? A cikin akwatin akwai wasu 'yan gwangwanaye da muke kira kondensa, aikinsu tara wuta da tace ta. Akwai ɗan ruwa a cikinsu, kuma zama ba aiki yana lalata su, wasu su bushe, wasu su kumbura, wasu su yi yoyo su ci allon. Idan wutar gida, bolt 230, ta faɗa musu lokaci ɗaya bayan shekara 12, mai rauni a cikinsu zai iya fashewa, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ni kaina na taɓa yin wannan gangancin. Wani dattijo ya kawo akwatin da ya daɗe a ajiye, maigidana ya tafi masallaci, ni kuma ina so ya dawo ya tarar na gano matsalar. Ina jonawa sai ji na yi tau, farin hayaƙi ya cika shago, takarda da ruwa mai wari suka watsu a cikin akwatin. Gyaran yini ɗaya ya koma na mako uku, ana jiran kaya daga Zongo Lane a Accra. Maigidana bai dake ni ba, cewa kawai ya yi wanda ya daɗe yana barci ba a tashinsa da ruwan sanyi.

Yadda muke tashin irinsa shi ne a hankali. A buɗe baya, a share ƙura da burushi mai laushi, a duba ko kyankyasai ko ɓera sun yi gida, don kashinsu yana cin waya. A bar shi ya sha iska a wuri busasshe kwana biyu ko uku, domin danshin damunar Kumasi yana shiga ko'ina. A duba dalmar da ta tsage a sake ta, a canza kondensar da ta kumbura. Sannan a ba shi wuta ta cikin kwan fitila na da, mai zare, wat 100, yadda wutar za ta bi ta kwan kafin ta isa akwatin. Idan kwan ya haska da ƙarfi sannan ya dushe, alamar lafiya ce. Idan ya tsaya da haskensa bai ragu ba, akwai inda wuta ke haɗewa, sai a kashe nan take, kuma babu abin da ya ƙone. Kwan da bai kai kuɗin kokon safe ba ya ceci akwatuna da yawa a hannuna.

Amma wannan aikin mai gyara ne, ba naka ba. Kwalbar hoton talabijin mai kala tana aiki da wuta wajen bolt 25,000, wadda wata taransifoma da muke kira filebak ke haɗawa, kuma kwalbar tana riƙe wutar ko bayan an zare waya. Za ka ga wata jar waya mai kauri da roba kamar kofin ƙaho manne a bayan kwalbar. Kada hannunka ya je wurin. Ka nemi tsohon mai gyara, mai furfura, wanda ya yi zamanin kwalba. Yaran yanzu gwanaye ne a na bango, sai dai da yawansu allo suka saba cirewa su sa sabo, wannan kuwa ba shi da sabon allo a kasuwa. Wajen ɗauka ku zama ku biyu, gilashin yana fuskantar ƙirjinka, don nauyin duk a gaba yake, kuma siririn wuyan kwalbar da ke baya in ya karye, zance ya ƙare.

In Allah ya sa ya tashi, ka lura da abu biyu kada ka ɗauka lalacewa ce. Idan Trinitron ne, irin kwalbar hoton da Sony ta fara fitarwa a 1968, za ka hangi wani siririn layi ɗaya ko biyu a kwance a kan gilashin idan hoton ya yi fari. Waya ce da ke riƙe ragar ciki, haka aka ƙera shi. Sai kuma tabon shuɗi ko kore a kusurwa. Wannan maganaɗisu ne, galibi daga lasifikar da aka ajiye kusa. Ka matsar da ita, ka kashe akwatin daga bango kamar rabin awa, ka sake kunnawa. Ƙarar nan ta "bum" da kake ji da farko ita ce wayar da ke zagaye da kwalbar tana wanke tabon. Abin da ya kamata ya ba ka tsoro shi ne ƙarar tsii daga baya tare da wari mai kaifi, wuta ce ke tsalle ta kan ƙura mai danshi. Ka kashe ka kira mai gyara.

Ka saya masa sitabilaiza. A shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, na ga akwatunan da suka yi shekara 30 lafiya sun mutu a dare ɗaya saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi. Ka lulluɓe shi da zane lokacin ƙurar hunturu, ka yaye idan za ka kunna, ka kuma riƙa kunna shi ko da awa ɗaya a mako. Batun tashoshi, akwatin wancan zamanin yawanci ramin eriya kaɗai gare shi. Sai ka sa dikoda, ka bi da ita ta tsohon bidiyo mai kaset ko ɗan akwatin da ake kira modileta, mai juya hoto da murya su zama irin na eriya, daga nan waya ta shiga ramin eriya.

Ita kuwa Hajiya, ka je ka durƙusa ka roƙe ta ta bar maka shi. Ka gaya mata 'yan gwangwan jan ƙarfen da ke ciki kawai suke so, kwalbar fasa ta ake yi, gilashinta kuma akwai dalma a ciki, wadda ke cutar da yaran da ke wasa a juji. Ranar da ya tashi, ita za ka fara kira.

TAMBAYA: Baba, yayana ya aiko mini da tsohon talabijin mai kala daga Ingila. Hoto tas, amma babu murya sai shuu. Daga wata mai karatu a Asawase.

AMSA: 'Yata, akwatinki lafiyarsa ƙalau. Mu da Ingila duk tsarin kala na PAL muke amfani da shi, shi ya sa hoto ya fito. Wurin ɗaukar murya ne ya bambanta, nasu yana kan mita megahas 6.0, namu yana kan 5.5, irin na Jamus. Mai gyara zai canza wata 'yar matatar murya mai ƙafa uku, aikin da bai wuce awa ɗaya ba. Idan akwatin yana da ramin bidiyo da murya a baya, ki jona dikodarki ta nan kai tsaye, muryar za ta fito ba sai an buɗe shi ba.