Tambaya da Amsa: Shin Japanawa shinkafa suke bauta wa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne a Yagwa, bakin kogin Logone. Na ga wani bidiyo a waya inda Japanawa ke ratsa jajayen ƙofofi jere-jere, ga gumakan yanyawa a gefe, aka ce wurin bautar shinkafa ne. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a gona. Ba shinkafar kanta suke bauta wa ba. A addininsu na gargajiya, wato Shinto, akwai abin bauta mai suna Inari wanda suka yi imani shi ke riƙe da shinkafa da yabanya, kusan yadda Maguzawa suka ɗauki Uwar Gona. Da alama wurin da ka gani shi ne Fushimi Inari da ke birnin Kyoto, wanda aka kafa a shekarar 711, kuma shi ne uwa ga wuraren bautar Inari kimanin 30,000 a faɗin ƙasar. Yanyawar kuwa 'yar aiken Inari ce a wurinsu, shi ya sa in ka duba bakin gunkin da kyau za ka ga mabuɗin rumbu ko zangarniyar shinkafa. Ƙofofin nan, yawancinsu 'yan kasuwa da kamfanoni ne suka ba da su, kuma ana rubuta sunan mai bayarwa a bayan kowace.

A ganina, sai mutum ya san matsayin shinkafa a tarihin Japan kafin ya fahimci wannan al'amari. Ɗaruruwan shekaru da ita ake biyan haraji, da ita kuma ake auna arzikin hakimai, da wani ma'auni mai suna koku, kimanin lita 180, wanda aka ƙiyasta zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Inda rashin amfanin gona ke nufin yunwa ga talaka da karayar arziki ga mai mulki, ba abin mamaki ba ne kaka ta zama babbar ibada.

Har gobe Sarkin Japan yana dasa shinkafa da hannunsa a wata 'yar gona cikin fadarsa a Tokyo, yana kuma girbe ta, sannan ranar 23 ga Nuwamba ya miƙa sabuwar shinkafa ga abubuwan bautarsu a bikin godiyar kaka mai suna Niiname-sai, ya ɗanɗana. Tun 1948 aka mayar da ranar hutun gode wa ma'aikata, amma bikin na cikin fada yana nan yadda yake.