Maki 550 ba a ci su ko ɗaya ba: da gaske ne labarin ƙungiyar Jami'ar Michigan ta 1901?

Tambaya: Salam Malam, na ji an ce wai ƙungiyar ƙwallon wata jami'a a Amurka ta taɓa cin 550 a kaka ɗaya ita kuma ba a ci ta ko ɗaya ba. Don Allah gaskiya ne ko ƙari aka yi, ko dai abokan karawar ne ba su iya komai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ne wallahi, ba ƙari a ciki, ƙungiyar Jami'ar Michigan ce a shekarar 1901, wasa 11 suka buga suka cinye duka. Amma fa ka cire ƙwallon ƙafa irin tamu a ranka, wannan ƙwallon Amurka ce wadda ake runguma a hannu a ruga da ita ana bangaje juna, kuma maki ake ƙirgawa ba ƙwallo a raga ba. A lokacin in ɗan wasa ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo maki 5 ne, in aka buga ta bayan nan ta wuce tsakanin sanduna a ƙara 1. Toh ka raba 550 gida 11, maki 50 kenan a kowane wasa, shi ya sa ake musu kirari da masu maki ɗaya duk minti.

Mutumin da ya haɗa wannan aiki shi ne koci Fielding Yost, kuma shekararsa ta farko kenan a Michigan. Daga Jami'ar Stanford ta Kalifoniya ya taho bayan sun sa doka cewa sai tsohon ɗalibinsu ne zai riƙa horar da ƙungiya, sannan ya jawo wani matashi Willie Heston wanda ya sani tun a can, mai gudun tsiya da wuyar kayarwa. Sirrin Yost sauri ne. A zamanin ba a yarda a jefa ƙwallo gaba ba sai a 1906 aka halatta, don haka wasan duk ture-ture ne, ana ba ka dama uku ka ci yadi 5, yawancin ƙungiyoyi in an kayar da mutum sai su tashi a hankali su jeru su huta, shi kuwa Yost yaransa kafin abokan karawa su gama miƙewa har sun jeru sun sake afkawa, haka za a yi ta yi ba numfashi har ƙafafun mutane su mutu, kaga daga nan maki sai dai a yi ta kwasa. Saboda yawan azalzalar 'yan wasa da su yi maza har laƙabi aka yi masa da hakan.

Batun raunin abokan karawa kuma, kana da gaskiya rabi. Akwai ƙananan makarantu irin su Albion da aka ci 50, Beloit 89, ga Buffalo da ta sha 128 da nema. Amma a cikin jerin akwai Chicago ta shahararren koci Amos Alonzo Stagg da aka ci 22, akwai Carlisle ita ma 22, Ohio State 21, waɗannan ba kanwar lasa ba ne. Ni abin da ya fi burge ni ma ba 550 ɗin ba ne, sifirin nan ne. Tara maki a kan mai rauni kowa zai iya, amma a ce wasa 11 ba a yi sakaci ko sau ɗaya ba, ba wanda ya kuɓuce da ƙwallo, ba wanda ya samu ko bugu ɗaya ya shiga tsakanin sanduna, wannan sai ƙungiya mai tarbiyya da haɗin kai na gaske.

Wasan ƙarshe shi ya fi shiga tarihi. An gayyace su garin Pasadena na Kalifoniya lokacin bikin furanni su kara da Stanford ranar 1 ga Janairu 1902, wato dai tsohuwar ƙungiyar Yost, kuma wannan ne wasan da ake lissafawa a matsayin Rose Bowl na farko, wato shahararren wasan ƙwallon jami'o'in Amurka da ake yi a farkon kowace shekara. Suka yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa daga sanyin Michigan, suka ci 49 da nema, ɗan wasan Michigan Neil Snow shi kaɗai sau biyar yana tsallake layi, saura minti takwas a tashi Stanford suka ce a tsaya haka. Masu shirya bikin ba su ji daɗin yadda abin ya zama ba, sai suka ajiye ƙwallo suka koma tseren keken doki da wasu wasanni, ba a sake buga ta a bikin ba sai 1916.

Kar dai ka ɗauka kowa ya yarda su kaɗai ne zakarun ƙasa a shekarar, babu gasar fitar da gwani a lokacin, Harvard ma ta cinye wasanninta 12 kuma mutanen gabashin Amurka ita suke gani a sama, ba su haɗu a fili ba balle a raba gardama. A ganina abin da ya biyo baya ya ƙara wa Michigan hujja, don wasa 56 suka jera ba a doke su ba, kunnen doki ɗaya tal da Minnesota 6 da 6 a 1903, sai a ƙarshen 1905 Chicago ta Stagg ta samu kansu da maki 2 da nema.