Tambaya da Amsa: Yarana sun san Indiya a fim kawai

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana uku ne, daga mai shekara 6 zuwa mai 11, kuma abin da suka sani game da Indiya bai wuce rawa da faɗan fim ba. Yaya zan yi in nuna musu ƙasar a gida lokacin hutu, ba da kuɗi mai yawa ba? Wata uwa daga Tawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da tuta, don ta yi kama da ta Nijar: ruwan lemu a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa. Bambancin yana tsakiya. Tamu da'ira ce ruwan lemu, tasu shuɗiya ce mai layuka 24. Ki ba su takarda su zana duka biyun, suna zane kina gaya musu Indiya ta samu 'yanci a 1947, mu a 1960.

Daga nan sai madafa, inda darasi ya fi zama a kai. Ku yi capati, gurasarsu ta kullum: garin alkama kofi 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, mai cokali 1, ruwan ɗumi kusan kashi uku cikin huɗu na kofi. A cuɗa minti 8, a rufe da tsumma mai laima rabin awa. A raba gida 8, yara su murza da kwalba ya yi fele-fele. Kasko ya yi zafi sosai, ba mai, kowane gefe ƙasa da minti ɗaya. In ya fito da tauri, ko dai wuta ta yi sanyi ya bushe kafin ya gasu, ko ba a bar ƙullin ya huta ba. Gasawa aikinki ne, ƙaramin ya tsaya ga murzawa. Miyar wake da kori ta isa mahaɗi.

Kiɗa kuma, a ajiye waƙar fim tukuna. Ki nemo kiɗan tabla, tagwayen ganguna da ake kaɗawa da yatsu, minti uku a waya, su bi da tafi. In ya fi haka za su watse.

Littafi, ki tambayi masu sayar da littattafan Larabci Kalila wa Dimna. Tushen labaran dabbobinsa daga Indiya yake. Labari ɗaya bayan isha'i ya wadatar. Babban kuwa ki ba shi aikin nemo Agra a taswira, garin da sarki Musulmi Shah Jahan ya gina Taj Mahal, shahararren hubbaren matarsa, a ƙarni na 17.